Sakaina a Bakin Rami

Garin Modu, ƙasar Durum
Watan Jimada, 1405

Daga Wasila ƴar Sani baduku zuwa ga ƙanenta Mutari, a Kara-Kara cikin Damagaram.

Da sunan Allah nake farawa. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta Ladi da yara. Maigidana Malam, limamin garinmu, yana gaishe ka. Bayan haka:

Direban kamyon kasuwa ya kawo takardarka. Na karanta ta ni kaɗai, na sake karanta wa Malam, sannan na rasa wanda zan karanta wa sai na karanta wa maƙwabciyata Barira ta kan danga. Ashe gwamnati ta ɗora ka a kan ekip guda, wato rukuni ɗaya cikin masu yaƙi da jan cinnaka! Autan Inna, wanda na goya har bayana ya yi kanta, yau shi ke ba manya umarni. Na ji daɗi kuma da ba ka yar da rubutun allo ba, ko da yake har yanzu hannunka kamar kaza ta bi ta kan tawada.

Ku zo da wuri. Cinnakan nan ba irin namu ba ne. An ce cikin ƙasar dashen da aka kawo don noman rani ya shigo. Tun da damina ta ƙi mu, lambu kaɗai ya rage wa maza, shi kuma ya tare a bakin rijiyoyi. Mai ban ruwa ba ya gama fangali biyu sai ƙafarsa ta yi ƙuraje kamar an watsa masa garwashi. Ya cinye wa Barira ƴan tsaki, ya hau jikanta yana barci a inuwa, yaron ya kwana yana kuka.

Ka tambayi yadda muke. Muna ci, muna sha, alhamdu lillahi. Kada ka aiko da komai, bakunan gidanka sun ishe ka. Ka san ƴaƴan Sani baduku ba su taɓa miƙa ƙwarya a ƙofar kowa ba.

Allah ya riƙa maka, ya tsare ka daga sharrin muƙami.

Yayarka, Wasila

*

Damagaram, Maris 1985

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida Malam Suma'ila da jikoki. Ladi ta ce a gaya miki tabarmar da kika saƙa mata tana nan, baƙo kaɗai ake shimfiɗa wa.

Kaza kuwa ta gode, ke kika koya mata.

Aiki ya kankama. An ba mu kamyo, da tonno-tonno, wato ganguna, na garin magani, da famfon busawa. Magani ne mai ƙarfi, Yaya. Muna ɗaure hanci da ƙyalle, duk da haka da yamma kai na sarawa. Abin da ya shiga rami da shi ba ya tashi, kuma yana daɗewa a ƙasa har ruwa ya sauka.

Shef, wato shugabanmu a sarwis, ma'aikatarmu ke nan, mutum ne mai son aiki ya fita tas. Ya ce jan cinnaka ba a lambu kaɗai yake tsayawa ba, idan aka matsa masa sai ya gudu ya tare a tsofaffin gidajen tururuwa na daji, damina ta yi ya dawo. Don haka umarni shi ne: duk ramin da ke kewaye da gari, iyakar inda mai kiwon awaki ke kaiwa, a busa masa. Ba zaɓe. Mun gama garuruwa da dama ta gabas, cinnaka ya yi ƙasa sosai, har wani maigari ya ba mu zakara.

Durum na cikin layi a watan Rajab. Ki tanadi fura, zan zo miki da kakina ki gani.

Ƙanenki, Mutari

*

Garin Modu

Zuwa ga Mutari, bayan sallama da addu'a.

Takardarka ta iso, na gode. Wani abu guda ya tsaya mini a rai, ka yi haƙuri da tambayar macen ƙauye.

Jan cinnaka mai cuta ne, kashe shi halas. Amma baƙar tururuwa me ta yi? Ba ta harbi, ba ta shiga lambu. Ka tuna abin da Baba ke gaya mana yana ɗinki, cewa Annabi Sulaimanu da rundunarsa duka bai taka ta ba. Ina tsoron kada hakkinta ya hau wuyanka. Ba za a iya tsayawa a lambuna a bar daji ba? Ko a jinkirta namu sai bayan ruwa ya sauka?

Ka duba mini, don Allah.

Wasila

*

Damagaram

Yaya Malama,

Gaisuwa da girmamawa. Na karanta wa Ladi takardarki, ta ce da ma ta san ko sauro sai kin yi masa sallama kafin ki kore shi.

Na tambayi limamin unguwarmu. Ya ce idan don kare mutane ne, kuma ba yadda za a raba, babu laifi. Yaran ekip ba su da lokacin durƙusawa su tambayi kowane rami wa ke ciki. Jinkiri kuwa ba zai yiwu ba, ruwa na sauka cinnaka zai yi fiffike ya bazu. Ke da kanki kika ce mu zo da wuri.

Ki kwantar da hankalinki, zunubin na ɗauka.

Mutari

*

Garin Modu, farkon Rajab

Zuwa ga ƙanena Mutari. Aminci ya tabbata gare ka. Wannan ka karanta kai kaɗai.

Na so in tsare ka da hujjar malamai don kada in buɗe maka tawa. Ba ta yi ba, to ga tawa.

Na ce maka muna ci muna sha. Ban yi ƙarya ba, amma ban gaya maka abin da muke ci ba. Rumbu ya ƙare tun kafin sanyi ya fita. Dawar taimako da ke zuwa ba ta kai mu rabin wata. Anza, itaciyar dajin nan mai ƴaƴa masu ɗaci, mun tsinke ta har inda ƙafa ke kaiwa. Ɗana ya tafi cin rani Kano, ba labari, ya bar mini matarsa da yara uku. Abin da ke riƙe da yaran nan, da na Barira, da na kowane gida a garin nan, shi ne gidan tururuwa.

Kai ɗan birni ne, ba ka taɓa gani ba. Ni ma sai da na yi aure a nan uwar Malam ta nuna mini, ta ce in ajiye a kai, wata rana. Tururuwa tana tara ƙwayar ciyawa a ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa: komayya, gude-gude, ƙarangiya, wani lokaci har geron da ta tsinta a masussuka shekarun baya. Muna fita da hauya da ƙwarya kamar masu neman itace. A haƙa ta gefe, ba ta baki ba, don kada gidan ya rushe. A kwashi ɗakunan sama, na ƙasa nata ne, ba a taɓawa. A mayar da ƙasa. Sannan a kifa sakaina a bakin ramin, a danne da dutse, don wata ta san wannan gida yana da mai shi, kuma an ɗiba, a bar shi ya huta. Kowace mace ta san tsagar da ke jikin sakainarta. A sheƙe, a wanke yashi, a daka. Tuwonsa baƙi ne, yana ƙaras-ƙaras a haƙori, amma yaro yana barci a kansa.

Maza suna ci, ba sa tambaya. Mu ma ba ma faɗa. A ƙasar nan yunwa ba abin kunya ba ce, kowa ya san shekara. Amma a ce matan gari kaza sun rasa wanda za su ƙwace wa abinci sai ƙwaro, wannan suna ne da ke bin gari har jikoki. Akwai wani ƙauye a kudu da mu, tun yunwar zamanin kakanni ake yi musu waƙa da shi a kasuwa.

Yanzu ka gane. Idan kuka busa a daji, ɗayan biyu ne. Ko mu sani mu bari, yara su rasa abin ci. Ko wata ta kasa haƙuri ta tona, ta dafa wa ƴaƴanta maganinku.

Ban roƙe ka hatsi ba, kuma ba zan roƙa ba. Rami nake roƙo.

Allah ya ba ka ikon yin daidai.

Yayarka

*

Damagaram

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Na karanta a tsaye a tasha, sai da na nemi wurin zama.

A wani gari da muka yi aiki a gabas, bayan mun tafi yara sun kwanta da amai da karkarwa. Likita ya ɗora laifi kan ruwan rijiya, iyayen kuma ba wanda ya ce uffan. Allah ya sa duk sun tashi. Ni na riƙe famfo a dajin garin nan, Yaya. Na ga ɓallin ƙwarya a kan ramuka, har na shure wasu da takalmi.

Na je wurin shef. Ban ambaci sunanki ba. Bai yi mini tsawa ba, ya saurara har ƙarshe. Ya ce kafin a fara aikin an tara masu gari a gaban kumandan mai mulkin yankin, an tambaye su ko akwai abin da mutane ke amfani da shi a daji wanda magani zai ɓata, kowa ya ce babu sai kiwo. Maigarinku Sha'ibu har da rantsuwa. Ya ce ba zai canja umarnin ƙasa guda a kan maganar da ba mai ita ba. Amma idan mutanen gari suka faɗa da bakinsu a gaban ekip, shugaban ekip ya rubuto, shi zai kai sama da kansa.

Ga abin da ya fi ci mini rai. An tura ni wani yanki daban, Damagaram Takaya, ba ni zan zo muku ba. Kyari ne zai zo, wani Babarbare dogo mai tsage. Ba shi da mugunta, amma abin da aka rubuta masa shi yake yi. Na roƙe shi ya tara mutane ya yi tambaya kafin ya buɗe tonno. Ya yarda da wannan kaɗai.

Ki sa Malam Suma'ila ya lallashi Maigari. Ba na so ke ki tsaya. Na san muryarki, ko a tsakar gida sai an matso ake jin ki.

Na aiko da ɗan gero wurin direba. Ba roƙa kika yi ba, kada ki mayar.

Mutari

*

Garin Modu, tsakiyar Rajab

Zuwa ga Mutari, bayan gaisuwa da godiya ga Allah.

Geron ya iso. Na karɓa, na raba da Barira, ladan ku biyu da Ladi.

Ban yi wa Malam maganar Maigari ba. Shekarunmu tare ban taɓa ɗora masa abin da zai sa ya sunkuyar da kai a gaban maza ba. Na dai ce masa ranar da baƙi suka zo ina neman izinin fita dandali. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Ki je."

Kyarinku ya zo da hantsi, ya cika alkawari. Aka taru a gindin tsamiya, maza a gaba, mu a baya wajen danga. Ya yi bayanin magani, sannan ya ce, "Akwai mai wani amfani da ramukan daji? In akwai a faɗa yanzu, bayan na busa ba ruwana."

Maigari ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, mu da ramin ƙwaro? Mu manoma ne, ba dabgi mai cin tururuwa ba."

Maza suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Barira ta daka mini gwiwar hannu ta ce, "Ji mai tumbin komayya." Amma ba ta tashi ba, ba kuwa wadda ta tashi. Yaran Kyari suka fara kwance igiyar tonno.

Ƙanena, sai ni na tashi. Na zo da ƙwaryar abin da na tono ana gobe za su zo, ban sheƙe ba, da yashinsa da matattun tururuwa a ciki, na rufe da faifai. Na ratsa ta gefen maza, na durƙusa, na ajiye ta a gaban Kyari, na buɗe.

Na yi sallama. Wani daga baya ya ce ba a ji. Kyari ya ɗaga hannu ya ce, "To ku yi shiru mana a ji." Aka saurara.

Na ce, "Wannan daga gidan tururuwa na tono shi. Shi jikokina ke ci tun sanyi. Duk ramin da ka ga an kifa wa sakaina, tukunyar wani gida ce. Na lambu ku kashe, mun gode. Na sakaina ku bar mana."

Maigari ya miƙe. Bai dube ni ba, Malam ya duba. Ya ce, "Liman, ka ga iyalinka? Wannan wace irin magana ce a gaban baƙi? Gidanka kaɗai ko ya lalace haka, sai a shafa wa gari?"

Malam yana zaune da carbinsa. Na ce a raina yau na kashe aurena da hannuna. Sai ya miƙa hannu ya jawo ƙwaryar, ya ɗebo, ya murza a tafinsa. Ya ce, "Na gan ta, Maigari. Da wannan na yi ƙarfin ja muku sallar asuba yau. Ban taɓa tambayarta ba don na san amsar. Kai ma ka sani, don ranar sunan jikanka tuwon da aka kawo mana sai da ya yi mini ƙara a haƙori."

Wani tsoho ya tuntsire da dariya, ta gaske wannan karon. Sai ga Barira ta taso tana gyara zane, ta ce, "Ni ramukana bakwai ne, sakainata mai tsaga biyu, wanda ya busa mini ko ɗaya sai ya aure ni ya ciyar da ni." Kyari ya ce, "Iya, na tuba, matata ɗaya ma ta fi ƙarfina." Daga nan mata suka yi ta tasowa. Ta ƙarshe uwargidan Maigari ce, Fanta. Ta zo ta tsaya a gefena. Maigari ya koma ya zauna.

Kyari ya ce a kai shi ya gani. Na kai shi ramina na bayan kuka, na tona a gabansa. Ya durƙusa yana kallon ɗakunan ƙwaya, ya ce kakarsa ta taɓa ba shi labari, ya ɗauka tatsuniya ce. Ya ce amma ramukan da ba sakaina fa, jan cinnaka na iya ɓoye a ciki. Muka ce mu za mu bi yaransa, mu da muka san daji. Haka aka yi. Inda ja ya tare, muka nuna aka busa, aka kafa ƙaya don kada kowa ya kusanta. Ramin Barira guda ya shiga ciki, ja ya kore masu gidan, ita da kanta ta ɗauke sakainarta ta ce a busa. Lambuna kuwa an yi musu tas. Maza sun koma ban ruwa.

Sunan da muke tsoro ya zo. Ranar kasuwar Durum wani mai gishiri ya ce da Barira, "Sannu, ƴar Garin Tururuwa." Ta ce, "Yauwa. Mu rance muka ci wurin mai tanadi, kai wa ya yarda ya ranta maka?" Maigari bai amsa gaisuwata ba har yau. Ina gaishe shi duk da haka, girmansa ne.

Muka koma gida ni da Malam. Da na kai masa tuwo ya ce in zauna mu ci tare. Rabon da haka tun ina amarya.

Ka ce ba a jin muryata. An ji.

Yayarka, Wasila

*

Damagaram, Mayu 1985

Yaya,

Gaisuwa irin ta ƙane ga yayar da ta goya shi. Ki gaida Malam Suma'ila gaisuwa ta musamman, ki ce ina neman addu'arsa.

Kyari ya rubuta, shef ya cika maganarsa. Sabon umarni ya fito ga dukan ekip: kafin a busa a daji, a aika mata su kifa alama, kuma ramin da ke da sakaina ba a taɓa shi sai mai shi ta yarda. Ba a tambayar kowa a dandali, ba a rubuta sunan kowa. Sanarwa kawai ake yi, a ba su kwana.

Yanzu ki ji abin da na gani. Garin farko da muka je da sabon umarni, maigarin ya ce, "Wannan ai sai mutanen Durum, mu ba mu san shi ba." Na ce to, ranka ya daɗe, mu dai doka ce mu jira. Da gari ya waye muka fita daji. Yaya, sakaina ko'ina! Wasu sababbi fil, an fasa ƙwarya mai kyau don a samu. Gari na biyu haka, na uku haka. Har garin mai gishirin nan na Barira, don na tambaya. Dajinsu fari fat kamar an shanya wanki.

Yarana yanzu da sun ga sakaina sai su ce, "Ta Malama ce, a kewaye." Ba su san yayata ba ce. Jiya na gaya musu. Wani ya ce ƙarya nake, mai irin wannan yaya ba zai yi rubutu kamar kaza ba. Ashe Ladi ta kai labarin har sarwis.

Da azumi zan zo. Kada ki dafa mini geron da na aiko, baƙin tuwon nake so.

Ƙanenki mai alfahari da ke,
Mutari Sani baduku

*

Garin Modu, watan Safar, 1406

Mutari,

Sallama da godiya. Allah ya ba da damina, mun yanke gero, ɗana ya dawo.

Jiya muka fita mu duka matan gari, kowace da tiya guda ta sabon gero. Kowace ta je raminta ta zuba a baki, ta ɗauke sakainarta. Fanta ta zo da tiya biyu, ta ce ɗaya Maigari ya ba ta, bai faɗi ta mece ce ba.

Na tsaya har na ga sun fara ja zuwa ciki.

Sakainata na aiko maka da ita wurin direba, mai tsaga guda ce. Ka ba ƴarka ta ajiye, ka gaya mata yadda ake haƙa: ta gefe, kuma na ƙasa ba a taɓawa.

Allah ya sa kada ta bukata.

Yayarka, Wasila